Gishirin Foga da Tamar Maƙera

A kusurwar yamma ta Jihar Kebbi, daidai inda Kogin Kwara ya ke shigowa Nijeriya bayan ya raba ƙasar Nijar da Jamhuriyar Binin, nan ƙasar Bagudo ta ke. Kogin ya ratsa ta. Illo da Lolo da Ka'oje suna hayin da ke wajen Bargu, wanda ya wuce su kuwa ya nufi yamma ba ya daɗewa zai tarar da iyaka, bayanta ga Segbana da Malanbil a ƙasar Binin. Mutanen wurin gauraye su ke: akwai Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa, akwai Filani da shanunsu, akwai kuma Hausawan da fatauci ya kawo kakanninsu. Illo ita ce tsohuwar alkaryar yankin, gama tana cikin manyan garuruwa uku na Bargu, watau Busa da Nikki da ita kanta.

Abin da ya ɗaukaka Illo a zamanin da shi ne mashigi. Fataken goro masu zuwa Gwanja su kan taso daga Kano ko Sakkwato, su ya da zango a Jega, su ƙetare Kwara a Gaya ko a Illo, sa'an nan su bi ta Kandi da Jugu har su isa Salaga. Ba su tafiya hannu wofi. Cikin kayan da jakunansu ke ɗauke da su akwai tufafi da fatu da kanwa da gishiri. A kowace kasuwa kuma da suka sauka akwai rumfar maƙera, inda a ke sayen fartanya da lauje da gatari da bakin kibiya. Ƙasar da ta rasa gishiri mutanenta da dabbobinta sun rame, wadda ta rasa ƙarfe kuwa ba ta noma, ba ta yaƙi.

Ko yaro ya san halin waɗannan abubuwa biyu ya bambanta. In aka bugi dunƙulen gishiri sai ya farfashe, in aka bugi ƙarfe sai ya miƙe. Gishiri ya kan narke a ruwa ya ɓace, ƙarfe kuwa ya kwana cikin ruwa sai dai tsatsa ta kama shi. Abin da ba wanda ya sani a Illo a lokacin nan shi ne akwai ƙarfe a cikin gishiri. In aka auna tsantsar gishiri awo 100, awo 39 daga ciki wani irin farin ƙarfe ne. Ashe jakin da ya ƙetare Kwara da mangalar gishiri ƙarfe ya ɗauko, ba shi da labari, mai shi ma ba shi da labari.

Gishirin wannan yanki daga Foga ya ke fitowa. Foga wani tsohon kwari ne a ƙasar Dandi, arewa da Gaya, wanda ya haɗu da kwarin Mauri kafin su faɗa Kwara kusa da Dole, ba nisa da Lolo. Da rani, in ruwa ya janye, sai ƙasar kwarin ta yi fari-fari da gishirin da ya tsattsafo daga ƙarƙashi. Cikin shekarar 1853 wani Bajamushe mai yawon ganin ƙasashe, Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tashi daga Gwandu a zamanin Sarki Halilu ya nufi Sayi, ya ratsa Foga cikin watan Yuni. Ya tarar da ƙasar ba lafiya, domin tun 1849 Kabawa suka yi bore a ƙarƙashin Yakubu Nabame, Dandawa da Zabarmawa suka bi su. Duk da haka aikin gishiri bai tsaya ba. Ya ga ƙauyukan masu aikin bisa tuddai, ya kuma rubuta yadda su ke yi. Su kan kankaro ƙasar kwarin su zuba ta cikin manyan mazurarai da aka saƙa da ciyawa da kara, su kwarara ruwa a kai, ruwan ya tsiyaye cikin tukwane da aka ajiye a ƙasa. Sai a dafa wannan ruwa har ya ƙafe, abin da ya saura a cura shi dunƙule-dunƙule. Daga nan ya ke bin fatake zuwa Gwandu da Sakkwato, ko ya ƙetare kogi zuwa Bargu da Nufe.

Sana'ar ƙarfe ta fi wannan wuya, ta kuma daɗe ƙwarai. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyan tama waɗanda suka yi shekara fiye da 2,000. Nan kusa kuma, a hayin Binin na ƙasar Dandi, masu binciken kufai daga Ingila da Binin da wasu ƙasashe sun yi aiki tsakanin 2011 da 2015, suka tona wani babban kufai a Birnin Lafiya, suka kuma sami tarin kashin maƙera da ragowar matoya a wurare da yawa na ƙasar. Duwatsun wannan yanki masu lebur ɗin kai marmara ce ta rufe su, jar nan kuwa da a ke gani jikinta ƙarfe ne ya kawo ta. Masu narka tama su kan zaɓi dutsen da ya fi nauyi, su farfasa shi, su gina matoya ta yumɓu, su jera gawayi da tama sahu bisa sahu. Gawayin ƙirya suka fi so, don yana da nauyi, wutarsa kuma tana daɗewa. In wuta ta yi aikinta sai a fasa matoyar a jawo wani dunƙule mai ramuka-ramuka, a kai wa maƙeri. Shi kuma ya yi ta gasawa yana dukansa da masaɓa bisa uwar maƙera har dattin ya fita, ƙarfe ya haɗe. Aiki ne da a ke gada, ba a kuma koya wa bare asirinsa, shi ya sa mutane ke jin tsoron maƙera, suna cewa wuta na jin maganarsu.

To, ga masu dafa gishiri, ga masu toya tama, kowa gwani ne a sana'arsa, sai dai dalilin abin da ke faruwa cikin tukunya da cikin matoya ya ɓuya ga kowa. Bayaninsa ya fito ne daga wani wuri dabam, kaɗan-kaɗan, cikin shekara ɗari da 'yan kai.

Cikin 1807 wani masani a Landan, Humphry Davy, ya haɗa babban batir, ya saki lantarkinsa cikin wani sinadari da a ke samu daga tokar itace, ɗan'uwan ruwan tokar nan da mata ke yin sabulu da shi. Sai ga 'yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar azurfa suna fitowa, wasu suna kamawa da wuta. Ya sa wa wannan ƙarfe suna fotasiyam. Bayan 'yan kwanaki ya yi haka da soda mai cin hannu, ya sami wani ƙarfen, ya kira shi sodiyam. Shi ne ƙarfen da ke cikin gishiri, shi ne kuma ke cikin kanwa. Ƙarfe ne mai ban mamaki: ana yanka shi da wuƙa kamar man shanu mai sanyi, ba ya nutsewa a ruwa, in kuwa aka jefa shi ciki sai ya yi ta gudu yana huci, wani lokaci ya fashe. Cikin 1810 Davy ya tabbatar da cewa abokin sodiyam a cikin gishiri, watau kulorin, shi ma asali ne mai zaman kansa. Shi kulorin iska ce koriya-koriya mai shaƙe mutum. Da ita Jamusawa suka yi wa abokan gāba ɓarna a yaƙin duniya na farko cikin 1915, ita ce kuma a ke ɗan zubawa a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. Kai, abin al'ajabi: ƙarfe mai faɗa da ruwa da iska mai kisa su haɗu, su zama abin da miya ba ta daɗi sai da shi. Davy ya raba su, amma bai san abin da ya ɗaure su ba.

Kafin a sani, Turawa sun iso Bargu. Cikin 1894 Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamna, ya yi tseren zuwa Nikki da Faransawa don neman yarjejeniya, ya riga su da 'yan kwanaki. Cikin 1897 sojan Faransa suka zauna Busa, har aka yi zaton ƙasashen biyu za su gwabza. Ran 14 ga Yuni, 1898, suka shirya a birnin Faris, suka ja layi ya tsaga Bargu biyu, ya zo ya taɓa Kwara mil goma sama da Giris, mashigin Illo. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, Foga kuma ta zama ta Faransa. Tun daga ran nan gishirin da Illo ta saba ci ya zama kayan ƙasar waje. A cikin wannan shekara ta 1897 da a ke ta rigima kan Busa, wani malami a jami'ar Kambirij, J. J. Thomson, ya bayyana cewa ya gano wani abu da ya fi ƙanƙantar zarra ƙanƙanta. Shi ne elektaron, shi ne kuwa mabuɗin dukan wannan al'amari.

Ga yadda masana suka fahimci abin. Duk abin da ke duniya, dutse ne ko ruwa ko iska ko jikin mutum, an gina shi da zarra. Ƙanƙantarta ta wuce misali, gama in aka jera zarrar ƙarfe miliyan 4, tsawon layin milimita ɗaya ne kawai, bai kai ƙwayar gero ba. Irin zarrar da aka sani yanzu 118 ne, kimanin 90 daga ciki a ke samu a ƙasa da ruwa da iska, saura masana ne suka haɗa su. Kowace zarra tana da cibiya mai nauyi, elektaron kuma suna kewaye da ita. Lantarki iri biyu ne, na cibiya dabam, na elektaron dabam. Iri biyun nan suna jan juna, amma iri ɗaya da iri ɗaya ture juna su ke yi. Elektaron ba a cakuɗe su ke ba, sahu-sahu su ke. Sahun farko, na kusa da cibiya, biyu ya ke ɗauka. Na biyu yana ɗaukar takwas. Waɗanda ke sahun ciki a tsare su ke, ba ruwansu da kowa. Waɗanda ke sahun waje su ne ke gamuwa da maƙwabta, duk wata hulɗa kuwa da za ta shiga tsakanin zarra da zarra ta hannunsu ta ke bi.

Cikin 1916, ana tsakiyar yaƙi, mutum biyu da ba su yi shawara da juna ba, Walther Kossel a Jamus da Gilbert Lewis a Amurka, suka lura da abu guda. Zarrar da sahunta na waje ya cika takwas ba ta neman kowa. Misali iskar argon, wadda ta kai kusan kashi ɗaya cikin 100 na iskar da a ke shaƙa, amma don ba ta haɗuwa da komai ba a ma san da ita ba sai 1894. Sauran zarra kuwa, in sun gamu, su kan daidaita ne ta yadda sahunsu na waje zai cika. Sodiyam yana da elektaron 11: biyu, takwas, sa'an nan ɗaya tilo a waje, nesa da cibiya, riƙonsa sakwa-sakwa. Kulorin yana da 17: biyu, takwas, bakwai, saura gurbi ɗaya. In sun haɗu sai tilon nan ya bar sodiyam ya cike gurbin kulorin. Shi ke nan, sodiyam ya rage da lantarkin cibiya ya rinjaya, kulorin ya sami rarar na elektaron, sai su manne wa juna. Huci da dafin da kowannensu ke da shi a da na neman wannan ciniki ne, da aka ƙulla shi kuwa sai duka biyu suka kwanta. Amma fa mai karatu kada ya ɗauka zarra tana da so ko ƙi. Magana ce kawai ta kusantar da fahimta. Yadda ruwa ke gangarawa kwari ba da niyya ba, haka elektaron ke komawa inda aka fi jansa.

A nan bambancin ƙarfe da abin da ba ƙarfe ba ya ke. Ƙarafa su ne masu elektaron kaɗan a sahun waje, ɗaya ko biyu ko uku galibi, masu saurin sakinsu. Waɗanda ba ƙarafa ba, irin su kulorin da oksijin da farar wuta, sahunsu na waje ya kusa cika, karɓa su ke yi, ko kuwa su yi tarayya.

Shekara uku kafin wannan, cikin 1913, wani Bature da ɗansa, su Bragg, sun haska ƙwayar gishiri da hasken nan da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka gano yadda ta ke a ciki. Ba bibbiyu zarrar ke zaune ba. A jere su ke kamar ramukan dara, sodiyam, kulorin, sodiyam, kulorin, gaba da baya da sama da ƙasa, kowane sodiyam kulorin shida ne ke kewaye da shi, kowane kulorin kuma sodiyam shida. Wanda ya ke so ya gani da idonsa sai ya jiƙa gishiri a faranti ya ajiye a inuwa har ruwan ya bushe a hankali. Zai ga 'yan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu daidai wa daida, gani kuwa ya kori ji. Wannan jeri yana da ƙarfi ƙwarai, don kuwa ruwa yana tafasa a digiri 100, amma gishiri ba ya narkewa da wuta sai zafi ya kai digiri 801. Sai dai ƙarfin nasa na mai taurin kai ne. In masaɓa ta faɗa masa, sahu ɗaya ya goce da taki guda, sai sodiyam ya fuskanci sodiyam, kulorin ya fuskanci kulorin, su ture juna, dunƙulen ya tsage.

Yanzu sai a koma ga mazurarin Foga. Ruwa haɗin oksijin ne da haidurojin, dukansu biyu ba ƙarafa ba ne, ba mai sakar wa wani. Abin da su ke yi shi ne tarayya, kamar wa da ƙane masu noma gandu ɗaya: oksijin mai shida a waje ya kawo ɗaya, haidurojin ya kawo ɗaya, biyun nan su zama na su duka. Oksijin ɗaya ya kan yi haka da haidurojin biyu. Amma tarayyar ba ta adalci ba ce, oksijin ya fi ƙarfi, ya kan jawo abin tarayyar wajensa. Saboda haka kowace ƙwayar ruwa gefenta ɗaya yana da ɗan lantarki iri ɗaya, ɗaya gefen kuma ɗaya irin. In ruwa ya sami gishiri sai ƙwayoyinsa su yanyame sodiyam ta wannan gefe, su yanyame kulorin ta wancan, su ɓamɓare su ɗaya-ɗaya su tafi da su. Yashi kuwa ba haka ya ke ba. Shi haɗin silikon ne da oksijin, tarayya ce sarƙe da tarayya tun daga wannan gefen ƙwayar har wancan, ruwa ba ya samun inda zai kama. Don haka yashi ya kan tsaya cikin mazurari, gishiri ya bi ruwa ya sauka. A kan wuta kuma ruwa ya tashi, gama ƙwayoyinsa ba su riƙe juna da ƙarfi ba, gishiri ya zauna a gindin tukunya. Mutanen Foga sun daɗe suna rarrabe ɗauri iri-iri da ciyawa da kara da itacen wuta, tun ba a haifi kakan Kossel ba.

Shi kuwa ƙarfe tsantsa, wa zai ba elektaron nasa, tun da maƙwabtansa duka masu bayarwa ne? Wani Bajamushe, Paul Drude, ya kawo amsa cikin 1900, waɗanda suka biyo baya suka gyara ta. Kowace zarra ta kan saki 'yan sahunta na waje, su zama na kowa da kowa, suna yawo ko'ina cikin ƙarfen. Sai zarrar su zama kamar tsibiran Kwara, elektaron kuma kamar ruwan da ya kewaye su duka, shi ne kuwa ke riƙe da su. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Haka zarra ɗaya ba ta ƙyalli, ba ta miƙewa, sai sun taru halin ƙarfe ke bayyana. In maƙeri ya buga, sahun zarra ya goce, ba abin da ya ɓaci, domin duk inda suka koma ruwan nan yana tare da su. Shi ya sa a ke miƙar da ƙarfe ya zama fartanya, a ja shi ya zama waya. Shi ya sa kuma maƙeri ba ya rabuwa da awartaki, don elektaron masu yawo su kan kai zafi daga wannan baki zuwa wancan nan da nan, alhali mai dafa gishiri yana riƙe da itacen da ɗaya bakinsa ke ci da wuta. Wutar da madatsar Kainji ke bayarwa tun da aka gama ta cikin 1968, ita ma tafiyar waɗannan elektaron ce cikin waya. Busasshen gishiri ba ya ɗaukar lantarki, amma ruwan gishiri yana ɗauka, tun da sodiyam da kulorin sun sami sakewa. Gumin mutum kuwa ruwan gishiri ne, don haka jiƙaƙƙen hannu da wayar lantarki ba su haɗuwa.

Saura matoya. Baƙin ƙarfe yana da elektaron 26, ya kan ba da biyu, wani lokaci uku. Tun fil azal ƙarfen da ke cikin duwatsu ya riga ya miƙa su ga oksijin, tama kuwa ba wani abu ba ne illa tsohuwar tsatsa gauraye da yashi da yumɓu. Aikin mai toya tama shi ne ya ƙwato wa ƙarfe abin da aka karɓe masa, ɗan sandansa kuwa gawayi ne. Gawayi kabon ne, mai elektaron huɗu a sahun waje, in ya yi zafi kuma ya fi ƙarfe son oksijin. In ya ci wuta inda iska ba ta wadata ba, sai ya ba da wata iska marar launi marar wari, wadda kowace ƙwayarta kabon ɗaya ne da oksijin ɗaya, tana neman na biyu. Ita ce ke ratsa tama tana zare oksijin, elektaron su koma wa ƙarfe. Zafin matoya ya kan kai kimanin digiri 1,200, baƙin ƙarfe kuwa sai a 1,538 ya ke narkewa. Ashe abin da ke kwarara daga matoya datti ne, shi ne kashin maƙera, ƙarfen kansa bai taɓa zama ruwa ba. Ɗan kabon da ya maƙale cikinsa yana da amfani, gama ya kan shiga tsakanin zarrar ƙarfe ya hana sahu gocewa, kamar tsakuwa a ƙarƙashin ƙofa. In babu shi ƙarfe ya yi laushi, wuƙa ba ta riƙe kaifi. In ya wuce kashi biyu cikin 100 kuma ƙarfen ya zama mai fashewa. Gwanin maƙeri da launin wuta da amon masaɓa ya ke gane tsakani.

Wannan iska ta gawayi tana da wani aiki wanda ya kamata kowane mai gida ya sani. Jan jinin mutum ƙarfe ne a cikinsa, shi ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai ko'ina cikin jiki. Iskar gawayi ta kan kama wannan ƙarfe, riƙonta kuma ya fi na oksijin sau 200 da ɗoriya. Mutanen da suka kwana da kaskon wuta ko injin janareta cikin rufaffen ɗaki da hunturu, aka wayi gari ba su tashi ba, ita ce ta kashe su, ba iskoki ba.

Wannan riƙo na elektaron shi ne ya tsara yadda ƙarafa suka shigo hannun 'yan Adam, wani kafin wani. Zinariya ba ta sakin nata ga oksijin ko kaɗan, don haka a ke wanke ta tsantsa daga yashi, kamar yadda a ke yi a ƙasar Yawuri, ba ta kuma tsatsa. Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe sun bayar, amma gawayi na iya ƙwato musu. Sanholo kuwa, wanda Turawa ke kira alminiyam, mai uku a sahun waje, oksijin ya riƙe nasa riƙon da wutar maƙera ba ta iya ɓamɓarewa. Ga shi kuwa ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, kimanin kashi takwas cikin 100, baƙin ƙarfe kuma wajen biyar. Yana cikin yumɓun da aka gina matoya da shi, yana cikin tukunyar ƙasa da a ke dafa gishiri. Ba a sami hanyar fitar da shi da araha ba sai 1886, sa'ad da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa wuri, suka yi amfani da lantarki mai yawa. Saboda haka ba gazawar maƙeran Dandi ba ce da ba su fitar da sanholo daga yumɓu ko sodiyam daga gishiri ba. Maƙeran Ingila ma ba su iya ba, sai da batir ya zo.

Toyin tama ya mutu ne cikin zamanin Turawa, ba don ƙarfensa ya lalace ba. Jiragen ruwa sun kawo sandunan ƙarfe masu araha, daga baya ga tarkacen jirgin ƙasa da na mota. Ba mai sare ƙirya ya yi kwanaki yana tsaron wuta alhali ga sifirin na tsohuwar mota a kasuwa, wanda aka riga aka daidaita kabon ɗinsa. Ƙira ta rayu, har ta sami ƙanwa, watau masu narka tarkacen sanholo su zuba tukwane da ludaya, abin da ya yiwu domin shi a digiri 660 ya ke narkewa, wutar gawayi da zugazugi ta ishe shi. Amma sanin dutsen da za a zaɓa da yadda za a gina matoya ya bi tsofaffi zuwa kabari, hasara ce kuwa da ba ta da mayarwa.

Gishirin Foga ya fi tama sa'a, har yanzu ana dafa shi da rani, ko da ya ke gishirin teku na buhu ya ƙwace masa manyan kasuwanni. Na buhun yana da wani abu guda da ya fi shi. Kulorin yana da ɗan'uwa mai bakwai a sahun waje kamarsa, sunansa aidin, wanda wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano cikin tokar ciyawar teku a 1811. Jikin mutum yana bukatarsa ɗan kaɗan ƙwarai, amma in ya rasa sai maƙoƙo ya fito a wuya, jaririn da uwarsa ta rasa shi kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta girma yadda ya kamata. Ƙasashen da ke nesa da teku su suka fi fama da wannan rashi. Cikin 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta zuba aidin cikin gishirin ci da a ke sarrafawa ko a ke shigowa da shi. Wanda a ke dafawa a ƙauye ba ya bi ta masana'anta, saboda haka ba a zuba masa. Ma'aikatan lafiya na ce wa mata masu ciki da masu goyo su riƙa sa na buhu a miya, su kuma ajiye shi a rufe, nesa da damshi da zafin murhu. Makiyaya kuwa, a hayin Ka'oje da hayin Segbana duka, ba su fasa neman gishiri da kanwa na gargajiya don shanunsu ba.